Kalambaina: Siminti Na Ƙaruwa, Darajar Awar Ma'aikaci Na Raguwa

Tun kafin rana ta ɗaga, hanyar Kalambaina ta cika. Tireloli sun yi jerin gwano a gefen titi suna jiran lodi, yaran mota na kwance a ƙarƙashinsu bisa tabarmi, mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko. Ma'aikatan safe na shigowa a kan babura, waɗanda suka kwana a bakin aiki na fitowa. Can gaba kuma ga dogayen gine-ginen kamfanin siminti, wanda tanderunsa ba ya sanin dare balle rana.

Kowa a nan lokacinsa da ƙarfinsa ya kawo kasuwa. Amma tambayi mutum goma nawa ake biyansu a awa ɗaya, da wuya ka sami mai ba ka amsa. Mai albashi abin da ke shiga asusunsa a ƙarshen wata ya sani. Ɗan lodi kuɗin buhu yake ƙirgawa, direba kuɗin tafiya, mai buga bulo kuwa jingarsa. Babu mai ƙirga awa, kuma a cikinta asarar take ɓuya.

Kukan da ake ji daga bakin ƙofar kamfani har zuwa cikin gari iri ɗaya ne: kuɗi sun yi yawa a hannu, amma ba su da auki. Wannan rahoto ya ɗauki kukan ya raba shi da awannin aiki, don a ga iyakar abin da ya zube.

Daga tan dubu ɗari zuwa miliyoyi

Kalambaina na gefen birnin Sakkwato, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, kuma arzikinta a ƙarƙashin ƙasa yake. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi yana shimfiɗe a yankin, har masana duwatsu suka sa wa wannan shimfiɗa sunan garin.

Shi ya sa gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Najeriya, CCNN, a 1962. Ya fara aiki a 1967 da ƙarfin kimanin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara sabon layi mai tan 500,000.

Da aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati, a shekarar 2000 kamfanin Scancem na ƙasar Norwe ya zama babban mai jari. Daga baya hannun jarin ya koma wurin kamfanin Damnaz, kafin rukunin BUA na Alhaji Abdussamad Isyaku Rabi'u ya karɓe shi a wajajen 2010.

Daga nan al'amura suka yi gudu. A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe sabuwar masana'anta mai tan miliyan 1.5. A Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya buɗe layi mai tan miliyan 3, aka kuma ƙara wani irinsa a 2024. Wurin da ya fara da tan dubu ɗari yanzu ana maganar kusan tan miliyan 8 ne a shekara.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Siminti sana'ar inji ce fiye da ta hannu. Tanderun da ke dafa dutse da zafin da ya haura digiri 1,400, mutane ƙalilan ne ke sarrafa shi daga ɗakin kwamfuta. In aka ninka abin da ake fitarwa sau goma, ba a ninka ma'aikata sau goma. Yawancin masu cin abinci da siminti a wajen katanga suke: direbobi, 'yan lodi, dillalai, masu gidajen bulo, magina da leburorinsu.

Lissafin da ba a saba yi ba

A Amurka, ofishin ƙididdigar ƙwadago na fitar da matsakaicin ladan awa kowane wata, har ya ware na masana'antu da gine-gine da haƙar ma'adinai. Ingila da awa take yanke mafi ƙarancin lada. Afirka ta Kudu ma da ta kafa nata a Janairun 2019, rand 20 ta ce a kowace awa. Mu a nan da wata muke yankewa, mu bar awannin ga yarjejeniyar mai aiki da maigidansa.

To, bari mu yi lissafin da kanmu. Wanda ke aikin awa 8 a yini, kwana biyar a mako, yana yin kimanin awa 173 a wata. Mafi ƙarancin albashi shi ne ma'aunin da kowa ya sani, kuma ko masu ɗaukar fiye da shi, da shi ake fara ciniki.

A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, an yanke naira 125 a wata. Awa ɗaya ta kama kwabo 70 da ɗoriya, lokacin da litar fetur ba ta kai kwabo 20 ba. Awar aiki guda tana sayen fiye da lita huɗu.

A 2011 aka kai naira 18,000. Awa ta tashi naira ɗari da 'yan kai, fetur na naira 65, wato lita ɗaya da rabi. A 2019 aka koma naira 30,000, awa ta zama kimanin naira 170, fetur na naira 145: lita ɗaya da ɗan ƙari.

A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000. Awa ta kai kimanin naira 400. Amma kafin shekarar ta ƙare, litar fetur ta taɓa naira dubu a wurare da dama. Awar da ta taɓa sayen lita huɗu, a ƙarshen 2024 ba ta kai rabin lita ba.

Wani zai ce fetur ba ma'auni ba ne, tunda da can tallafi ke riƙe da farashinsa. Gaskiya ne. To a duba shinkafa. A 2019 albashin naira 30,000 yana sayen buhu mai kilo 50 ya bar canji mai kauri. A ƙarshen 2024 naira 70,000 ba ta ɗauko buhu ɗaya a yawancin kasuwanni.

Wannan fa ga mai awa 8 ne. Wanda ke tsayuwar awa 12, kwana shida a mako, kamar yadda masu gadi da ma'aikatan ƙananan injina da yawa ke yi, awanninsa sun haura 300 a wata. Ko an ba shi naira 70,000 cif, awarsa ba ta wuce naira 230 ba. Takardar albashinsu ɗaya da mai awa 8, amma ana sayen lokacinsa kusan rabin farashi.

Shekara biyu da suka cinye ƙarin

Ba a ɓoye yake ba yadda aka zo nan. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dala da ke kusan 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta nuna hauhawar farashi ta kusan kashi 35 cikin ɗari a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta kai wajen kashi 40 a tsakiyar shekarar. Daga baya an sauya tsarin lissafin, alƙaluman sun sauko, wasu kayan abinci ma sun ɗan yi sauƙi. Amma raguwar hauhawa ba ta nufin farashi ya koma inda ya baro.

Abin da ya fi ciwo shi ne jinkiri. Daga Mayun 2023 zuwa Yulin 2024, sama da shekara guda, doka na nan a kan naira 30,000 yayin da kasuwa ke tashi kowane mako. A Sakkwato kuwa, gwamnatin Ahmed Aliyu ta sanar da fara biyan naira 70,000 ne daga Janairun 2025. Duk abin da ma'aikaci ya ci bashi ko ya sayar a wannan tsakani, babu wanda ya mayar masa.

Cikin katanga da wajenta

Ba daidai ba ne a yi wa ma'aikatan siminti kuɗin goro. Injiniya ko ƙwararren makanike da ke da takardar ɗaukar aiki ta dindindin a babban kamfani yana cikin waɗanda suka fi kowa morewa a jihar. Doka ta tanadar masa fansho, inda maigida ke zuba kashi 10 shi kuma kashi 8, ga asusun diyyar rauni a bakin aiki, ga hutun shekara. A Fabrairun 2024 ma rukunin BUA ya sanar da ƙarin kashi 50 cikin ɗari ga ma'aikatansa saboda tsadar rayuwa, tun kafin gwamnati ta gama nata cinikin. Wannan abin a yaba ne, kuma ya nuna cewa in an so ana iya yi ba tare da an jira doka ba.

Bayan su akwai sahu na biyu, wanda ya zama ruwan dare a masana'antun Najeriya gaba ɗaya, daga bankuna har kamfanonin mai: ma'aikatan 'yan kwangila. Babban kamfani ya ba ɗan kwangila aikin shara ko gadi ko dako a dunƙule, shi kuma ya ɗebo mutane ya biya su yadda suka shirya. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kuka da wannan tsari, domin ma'aikaci na iya shekaru a wuri ɗaya ba tare da ƙarin girma ko fansho ba, ranar da kwangila ta ƙare kuma shi ke nan.

Sahu na uku shi ne mafi yawa, kuma shi ne mafi nisa da doka. Su ne masu sauke buhu a shagunan dillalai, masu kwaɓa ƙasa a gidajen bulo, masu ɗaukar kwanon kankare zuwa saman bene a zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

A ɗauki misali don sauƙin fahimta. A ce lebura ya karɓi naira 4,000 a yinin awa goma. A ido awarsa naira 400 ce, daidai da mai mafi ƙarancin albashi. Amma bai samun aiki kullum. In kwana 15 ya samu a wata, sauran kwanakin ya zauna a bakin titi da shebur daga hantsi har azahar, to wannan zaman ma lokacinsa ne, kuma kyauta ya tafi. Haka ɗan lodin da ke jiran mota, haka yaron motar da ke kwana uku a layi. Ranar da ciwon baya ko tari ya kwantar da shi, babu lada, babu magani.

Nan ne na ga ya dace a daɗe ana tunani. Buhun siminti kilo 50 ne. Mutumin da ya sauke tirela da 'yan uwansa ya ɗauki nauyin da jikinsa zai biya bashinsa bayan shekara goma ko sha biyar. Ladan da ake ba shi na yau ne kaɗai, ba a sa kuɗin tsufan da aikin ke gaggauto masa ba.

Ƙofofin da doka ta bari a buɗe

Mutane da yawa na zaton naira 70,000 ta hau kan kowane maigida. Ba haka ba ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta cire wurin da bai kai ma'aikata 25 ba. Ta cire masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke bin yanayi kamar noma.

A auna wannan da Sakkwato. Gidan bulo nawa ne ke da ma'aikata 25? Injin casar shinkafa nawa, gidan burodi nawa, majema nawa? Ɗan lodi kuwa da buhu ake biyansa, don haka tun farko yana waje. Dokar da aka yi don kare na ƙasa ta tsallake mafi yawansu.

Dokar ƙwadago ma ta ce awannin aiki su ne abin da aka yi yarjejeniya a kai, abin da ya ɗora kuma ƙarin lokaci ne. Amma ba ta yanke nawa za a biya a ƙarin lokacin ba. Ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku. A tambayi leburorin gini ko akwai wanda ya taɓa ganin irinta.

Hatta ƙididdigar gwamnati ba ta taimaka wa mai neman gane halin da ake ciki. Tun 2023 NBS ta koma tsarin da ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Da haka rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33 zuwa wajen kashi 4 ko 5. Tsari ne da ƙasashe da dama ke bi, amma ba ya gaya mana ko awar ta ciyar da mai ita. Hukumar dai ita ce ta ce sama da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan ba su cikin tsararren aiki.

Hannu ya yi yawa a kasuwa

Akwai dalilin da ya keɓanta da Sakkwato. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da NBS ta fitar a 2022 ya sa jihar a gaba, da kimanin kashi 90 cikin ɗari na jama'arta. Inda talauci ya kai haka, mai neman aiki ba ya da bakin ciniki. In ya ƙi, akwai goma a bayansa.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Manoma daga Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu sun kwararo birni, kuma sana'ar da ba ta buƙatar jari ita ce ƙwadago. Da can da damina ta faɗi leburori kan koma gona, hannu ya yi ƙaranci, lada ya ɗan ɗaga. Wanda ba ya da gonar komawa yanzu yana nan rani da damina.

Ga kuma abin da ke faruwa a tsallaken Illela. Jamhuriyar Nijar ta ɗaga nata mafi ƙarancin albashin zuwa sefa 42,000. A canjin 2024, kuɗin sun kai kimanin dala 70, alhali naira 70,000 ba ta wuce dala 45 ba. Dattawan da suka ga zamanin da 'yan ci-rani ke tururuwa daga Ƙonni da Tawa don neman naira sun san girman wannan juyi.

Abin da masu gida ke cewa

Masu masana'antu ma suna da nasu kukan, kuma ba na banza ba ne. Kayan gyaran inji da dala ake sayensu, haka bashin da aka ci aka gina sababbin layuka. Makamashi shi ne babban abin da ke cin kuɗin siminti, ga Sakkwato nesa da bututun gas da tashar jiragen ruwa, komai sai an ɗoro shi a mota.

Alƙaluman da kamfanin BUA Cement ya bayyana wa masu hannun jari sun nuna hakan. Ribarsa ta sauko daga kimanin naira biliyan 100 a 2022 zuwa kimanin biliyan 70 a 2023, galibi saboda faɗuwar naira, duk da cewa cinikinsa ya ƙaru. A Oktoban 2023 ya sanar da sayar da buhu naira 3,500 a bakin kamfani, amma farashin bai zauna ba. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wasu kasuwanni, har gwamnati ta kira masu siminti zama.

Ƙananan masu sana'a sun fi shiga tsaka mai wuya. Mai gidan bulo zai ce maka siminti ya tashi, yashi ya tashi, gas ɗin inji ya tashi, mai gini kuma ya dakatar da aiki. In ya ƙara wa yaransa, bulo ya yi tsada ya rasa mai saye. Bashin banki ba abin kusanta ba ne, tunda Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa sama da kashi 27 a ƙarshen 2024. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ta masu ɗaukar ma'aikata ta NECA irin wannan hujja suka riƙe a teburin cinikin mafi ƙarancin albashi.

Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC kuwa sun fara da neman naira 615,000, suka shiga yajin aikin da ya kashe wutar ƙasa baki ɗaya a farkon Yunin 2024, suka sauko 250,000, daga ƙarshe suka karɓi 70,000 bisa sharaɗin a riƙa duba dokar duk shekara uku maimakon biyar.

Hujjar masu gida tana da ƙarfi, amma ba ta rufe magana ba. Duk abin da ya tashi an sami hanyar biyansa, ko da ƙara wa buhu kuɗi ne. Mai gas bai yi rangwame ba, banki bai yi ba, mai dala bai yi ba. Ƙwadago kaɗai ne kayan da aka saya da tsohon farashi har tsawon lokaci, don mai shi ba ya iya ajiye hajarsa ya jira kasuwa ta yi kyau. Iyalinsa na jiran cefane da yamma.

Abin da ake iya yi tun yanzu

Ba sai an jira Abuja ba kafin a fara. Manyan kamfanoni na da ikon sanya wa 'yan kwangilarsu sharaɗi a rubuce: kada ladan awa ya gaza kaza, ƙarin lokaci a biya shi daban, kowane ma'aikaci a ba shi takardar da ke nuna awannin da ya yi da abin da aka biya shi. Kamfanin da ke iya auna kowane tan da ya fita ƙofarsa ba zai kasa sanin awannin masu yi masa hidima ba.

'Yan lodi da masu buga bulo da magina suna da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu. Su ne za su iya tsayar da farashin jinga na bai ɗaya, su riƙa sabunta shi duk lokacin da buhun siminti ya motsa, su kuma nemi a sa wani abu a kan zaman jira. Gwamnatin jiha, da taimakon Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke maƙwabtaka da wannan yanki, za ta iya tattara ladan yini da awannin aiki a manyan sana'o'in jihar ko da sau biyu ne a shekara, ta buga kowa ya gani.

A bisa gyaran 2024, za a sake zama kan mafi ƙarancin albashi a 2027. Muna kira ga wakilan Sakkwato a Majalisar Tarayya da shugabannin ƙwadago na jiha da su tafi wannan zama da buƙata biyu a hannu: a rubuta mafi ƙarancin lada na awa da na yini kusa da na wata, sannan a rage yawan waɗanda doka ta cire, domin ɗan lodi da leburan gini su shiga ciki.